Yadda ake gano yoyon ƙwaƙwalwa a manhajar hotuna da yadda ake toshe shi

Bayan kowace Sallah, masu ɗaukar hoto na Nima da Mamobi da Sabon Zango a birnin Accra sukan dawo shago da katin memori cike da hotuna, kuma kowane kwastoma yana son a ba shi nasa kafin a gama yawon Sallah. A irin wannan rana ce matsalar da zan yi bayani a kanta ta fi bayyana. Ana buɗe manhajar duba hotuna da safe tana aiki lafiya, zuwa azahar ta fara nauyi, kafin la'asar kuma kwamfutar gaba ɗaya ta tsaya cik, ko manhajar ta rufe kanta da aikin da ba a ajiye ba. Idan aka sake buɗe ta sai ta koma daidai kamar babu abin da ya faru. Wannan alama ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin ita ce take nuna cewa laifin ba na injin ba ne, kuma ƙaro ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, daga kasuwar Tip-Toe Lane ba zai warkar da shi ba, sai dai ya jinkirta lokacin tsayawar da awa ɗaya ko biyu.

Ya kamata a fara raba abu biyu da mutanenmu suke haɗawa da suna ɗaya. Idan aka ce memori ya cika, yawanci ana nufin katin kyamara ko faifan da ake ajiye fayil a kai. Abin da muke magana a kansa daban ne: ƙwaƙwalwar aiki ce, wadda masu sayar da kwamfuta suke kira ram, inda manhaja take shimfiɗa abin da take aiki da shi a yanzu. Duk lokacin da manhaja za ta nuna hoto, sai ta ari wuri a wannan ƙwaƙwalwa daga tsarin kwamfutar, kuma wajibi ne ta mayar da shi idan ta gama. Yoyon ƙwaƙwalwa shi ne ta riƙa ara ba ta mayarwa, har wurin ya ƙare.

Dalilin da ya sa wannan cuta ta fi tsanani a manhajar hotuna lissafi ne mai sauƙi. Hoton kyamara mai megafiksil 24 yana da ɗigo 6000 a faɗi da 4000 a tsayi, wato ɗigo miliyan 24. A kan kati, a matse cikin tsarin JPEG, nauyinsa bai cika wuce megabayit goma da 'yan kai ba, amma da zarar an warware shi domin nunawa, kowane ɗigo yana cin bayit 3 ko 4, sai ya zama megabayit 72 ko 96. Manhajojin da suke sarrafa ɗanyen fayil na kyamara, irin su darktable, suna riƙe kowane ɗigo da bayit 16, wanda ya kai hoton nan guda megabayit 384. Saboda haka idan manhaja tana manta hoto ɗaya kacal a duk lokacin da aka danna na gaba, hoto ɗari sun isa su cinye gigabayit 7.2, kuma yawancin kwamfutocin hannu na biyu da ake aiki da su a shagunanmu gigabayit 4 ko 8 gare su. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, domin nan gaba su ne za su gaya maka abin da yake zuba tun kafin ka buɗe kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi.

Gwajin farko, wanda ba ya buƙatar ka iya rubuta manhaja

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya buɗe Task Manager, ya ga adadi yana hawa, ya yanke hukunci nan take cewa akwai yoyo. Hawan adadi kaɗai ba hujja ba ne, domin manhaja mai lafiya ma tana hawa idan ta fara aiki: tana ɗauko hotuna, tana ajiye wasu kusa don kada ta sake karanta su daga faifai. Abin da yake raba mai lafiya da mai yoyo shi ne maimaici. Idan ka yi aiki iri ɗaya a kan hotuna iri ɗaya sau goma, mai lafiya za ta hau a zagaye na farko da na biyu sannan ta tsaya, mai yoyo kuwa za ta ƙara adadi kusan iri ɗaya a kowane zagaye ba tare da tsayawa ba.

Ka haɗa folda ta gwaji mai hoto hamsin, duka daga kyamara ɗaya domin girmansu ya zama ɗaya. Kada ka zaɓi masu kyau kawai. Ka sa waɗanda aka ɗauka a kwance da waɗanda aka ɗauka a tsaye, sannan ka tanadi wata folda dabam ta lalatattun fayiloli: ɗaya wanda aka yanke a tsakiya, ɗaya wanda babu komai a cikinsa, da wani fayil da ba hoto ba ne aka canza masa suna ya ƙare da jpg. A Linux ana samar da yankakken da wannan umarni:

`head -c 200000 mai_kyau.jpg > yankakke.jpg`

Na nace a kan lalatattun fayiloli ne saboda a wurinmu ba baƙon abu ba ne. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar kwafa, katin memori na jabu ya cika kasuwa, kuma yaran shago sukan zare kati kafin kwamfuta ta gama rubutu. Wanda ya rubuta manhajar a Jamus ko Amurka mai yiwuwa bai taɓa gwada ta da tarin irin waɗannan fayiloli ba.

Daga nan ka rufe duk sauran manhajoji, ka buɗe wadda ake zargi, ka jira minti ɗaya ta natsu, ka rubuta adadin ƙwaƙwalwar da take riƙe da shi. A Windows, ka shiga shafin Details na Task Manager, ka ƙara ginshiƙan Commit size da Handles da GDI objects. Ginshiƙin da yake fitowa tun asali yana iya yaudara, domin yana raguwa idan Windows ta kwashe wani ɓangare ta kai faifai, alhali manhajar ba ta saki komai ba. Commit size shi ne yake nuna bashin da ke kanta gaba ɗaya. Ginshiƙin GDI objects kuma, wanda yake ƙirga kayan da manhaja take zana tagogi da rubutu da su, yana da nasa amfani, domin Windows tana yanke wa kowace manhaja iyakar 10,000 a bisa tsarin asali, kuma manhajar da ta kai wannan iyaka takan fara nuna tagogi baƙaƙe ko rubutu ya ɓace ko da ram bai cika ba. A Linux, ka nemo lambar aikin manhajar da `pidof`, sannan ka karanta layukan VmRSS da VmSwap a cikin `/proc/LAMBA/status`, ka haɗa su biyun, saboda abin da aka tura faifai ba ya cikin na farko.

Yanzu ka bi hotuna hamsin ɗin ɗaya bayan ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ka koma farko, ka jira daƙiƙa talatin, ka rubuta adadi. Ka maimaita sau goma. Aikin yana da gajiyarwa, amma kada ka gajarta shi zuwa zagaye biyu ko uku, domin rumbun ajiyar wasu manhajoji, wato inda suke ajiye hotunan da suka riga suka karanta, ba ya cika sai bayan zagaye da yawa. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne ka gwada aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ka haɗa dubawa da juyawa da yankewa da bugawa a zama guda, za ka tabbatar akwai yoyo amma ba za ka san inda yake ba. Ka rufe manhajar ka sake buɗe ta kafin kowane sabon gwaji: ɗaya na dubawa kawai, ɗaya na juya hoto, ɗaya na fitar da ƙananan kwafi don turawa ta WhatsApp, ɗaya na shiga folda da fita, ɗaya na lalatattun fayiloli.

Idan ka gama, ka ɗebe adadin zagaye na uku daga na goma, ka raba da bakwai, ka sami ƙarin kowane zagaye, sannan ka raba wannan da yawan hotuna. Idan amsar ta zo kusa da megabayit 72 ko 96, cikakken hoto ne ake mantawa. Idan ta zo kusa da kilobayit 256, ɗan hoton nuni ne mai ɗigo 256 a kowane gefe, kuma kada a raina shi, domin guda 4000 sun haura gigabayit ɗaya. Idan 'yan kilobayit ne, sai a duba wajen bayanan Exif, waɗanda kyamara take rubutawa a cikin fayil ɗin hoto, ko bayanan launi. Idan kuma amsar ta zo rabin 72 ko sulusinsa, to ba kowane hoto ne yake zuba ba, wani rukuni ne daga ciki, sai ka raba foldar gida biyu ka sake gwadawa.

Akwai yanayi ɗaya da yake kama da yoyo alhali ba shi ba ne. A Linux, laburaren glibc, wato tarin kod ɗin da yake aro wa manhajoji ƙwaƙwalwa daga tsarin kwamfuta, yana mayar wa tsarin manyan yankuna nan take idan aka sake su, kuma duk abin da ya haura megabayit 32 a inji mai bit 64 yana cikin wannan rukuni, amma ƙananan yankuna yakan riƙe su a hannunsa domin buƙata ta gaba. Saboda haka manhaja tana iya sakin dubban 'yan hotunan nuni, adadin da kake gani bai sauka ba. Alamarsa ita ce adadin yana tsayawa a sama amma ba ya ƙaruwa idan aka maimaita. Mai kod yana iya tabbatarwa ta hanyar kiran `malloc_trim(0)` bayan an rufe folda. Idan adadin ya faɗo, ba yoyo ba ne.

Nemo ainihin wurin

Mai faci ba ya manna roba sai ya tsoma tayar a ruwa ya ga inda kumfa take fita, kuma a nan ma akwai kayan aikin da suke yin wannan. Daga nan aikin na mai kod ɗin manhajar ne. Da farko ka harhaɗa manhajar daga kod ɗinta da alamar `-g` domin rahoton ya ambaci sunan fayil da lambar layi. Idan babu ita, sunan aiki ko lambobi kawai za ka gani.

Valgrind, wanda Julian Seward ya fitar a 2002, shi ne ya fi kowane bin diddigi a Linux:

`valgrind --leak-check=full --log-file=rahoto.txt ./manhaja`

Yana rage gudun manhaja sau 10 zuwa 50, don haka kada ka ba shi hoto hamsin. Biyar sun isa, a zagaye biyu. Dole ne ka rufe manhajar ta hanyar da aka saba, domin a lokacin fita ne yake lissafa abin da ba a mayar ba. Rahoton yana kasa abin da ya samu gida huɗu. Abin da ya kira "definitely lost" shi ne wanda babu sauran manuni, wato adireshin wurin da aka ara, da yake kaiwa gare shi, kuma daga nan ake farawa, daga mafi girma. "Indirectly lost" kayan da suke rataye ne a jikin na farko, kuma sukan ɓace da kansu idan aka gyara shi. "Possibly lost" a manhajojin da aka gina tagoginsu da laburaren GTK ko Qt yawanci hayaniyar laburare ce. Na huɗu, "still reachable", shi ne wanda mutane suke tsallakewa, kuma zan dawo kansa. Idan manhajar ta GTK ce kuma GLib ɗin injinka ya girmi 2.76 na shekarar 2023, ka sa `G_SLICE=always-malloc` a gaban umarnin, domin kada ƙananan abubuwa su ɓoye wa Valgrind.

Hanya mafi sauri ita ce harhaɗawa da `-fsanitize=address` a GCC ko Clang. Wannan yana rage gudu kamar ninki biyu ne kawai, kuma a Linux yana buga jerin abin da ya zuba idan manhajar ta fita. Irinsa da yake cikin Visual Studio ba ya kama yoyo, don haka a Windows sai a yi amfani da `_CrtDumpMemoryLeaks`, ko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa sau biyu da kayan binciken Visual Studio, ɗaya kafin zagaye ɗaya bayansa, a kwatanta su.

Ga abin da na fi so mai karatu ya fahimta. Yoyon da ya fi kashe manhajojin hotuna sau da yawa ba ya fitowa a matsayin ɓatacce ko kaɗan. Manhajar ba ta manta inda ta ajiye hotunan ba, tana riƙe da su duka a cikin rumbu ko a tarihin gyare-gyare, ba ta dai zubar da tsofaffi. A wajen Valgrind wannan ba laifi ba ne, shi ne "still reachable" ɗin da na ce zan dawo kansa, kuma idan manhajar tana share rumbun a lokacin fita, rahoton zai fito fes alhali mai shago yana fama kullum. Idan gwajinka na zagaye goma ya nuna hawa amma rahoton ya ce babu abin da ya ɓata, ka gaskata gwajinka. Abin da ake buƙata a nan shi ne heaptrack na KDE, ko Massif da yake zuwa tare da Valgrind. Su amfaninsu a nan ba neman abin da ya ɓata ba ne, suna zana yadda ƙwaƙwalwa take hawa a tsawon lokaci ne, su nuna wane layi ne ya ari kaso mafi yawa. Ana kunna shi da `heaptrack ./manhaja`, a buɗe sakamakon da `heaptrack_gui`, a nemi launin da yake ta faɗaɗa daga hagu zuwa dama.

Toshewa

Na taɓa rubuta wa wani ɗan'uwa mai shagon hoto a Mamobi ƙaramar manhaja da harshen C da GTK, domin ya riƙa ware hotunan biki da na suna. Ta yi watanni tana aiki, sai ranar Sallah ta tsaya masa. Lissafin zagaye ya ba ni ƙasa da 72 a kowane hoto, da na raba foldar sai na ga hotunan kwance ba sa zuba ko kaɗan, na tsaye ne kawai. A ranar Sallah kusan kowa a tsaye ake ɗaukarsa domin ɗinkin ya fito daga hula har takalmi, shi ya sa cutar ta jira wannan rana. Layin da ya jawo ta shi ne wannan:

`hoto = gdk_pixbuf_rotate_simple(hoto, kusurwa);`

Umarnin juyawa ba ya taɓa tsohon hoton, sabo yake ƙirƙira. Da na ɗora sabon a kan sunan tsohon, sai manunin tsohon ya ɓata, megabayit 72 suka tafi. Gyaran layi uku ne: a karɓi sabon da wani suna, a kira `g_object_unref` a kan tsohon, sannan a mayar da sunan. Irin wannan tarko yana nan a `gdk_pixbuf_scale_simple`, kuma yana nan idan aka miƙa hoto ga `gtk_image_set_from_pixbuf`, domin shi yana ɗaukar nasa riƙon, naka yana nan a kanka sai ka sake shi.

Wuri na biyu shi ne hanyar fita idan an sami kuskure. Laburaren libjpeg idan ya gamu da fayil da ba zai iya karantawa ba, manhajoji sukan sa shi ya yi tsalle da `longjmp` zuwa wani wuri da aka tanada. A wannan wuri dole ne a kira `jpeg_destroy_decompress`, a rufe fayil, a saki wurin da aka ara domin ɗigogin hoton. A C++ abin ya fi haɗari, domin tsallen yana ƙetare masu share abubuwa da kansu. Ka bi kowane `return` da yake tsakiyar aikin karanta hoto ka tambayi kanka abin da aka ara kafin a iso nan. Haka ma LittleCMS: duk bayanin launi da aka buɗe yana buƙatar `cmsCloseProfile`, duk sauyin launi da aka ƙirƙira yana buƙatar `cmsDeleteTransform`.

A ganina gyara mai ɗorewa ba shi ne a ƙara layin saki a kowane lungu ba, domin wanda zai taɓa kod ɗin bayanka zai ƙara wata hanyar fita ya manta. Gara a ɗaure sakin a jikin abin da kansa: `std::unique_ptr` a C++, ko `g_autoptr` da GLib ya kawo tun 2.44, waɗanda suke saki da kansu ta kowace ƙofa aka fita. Idan kuma abu biyu suna riƙe da juna da `shared_ptr`, kamar taga da hoton da take nunawa, ƙidayar masu riƙe ba za ta taɓa sauka sifili ba, sai a mayar da ɗaya `weak_ptr`.

Rumbu kuwa iyaka yake buƙata, kuma a auna iyakar da bayit, ba da yawan hotuna ba, domin hoto ashirin na tsohuwar waya da hoto ashirin na kyamara mai megafiksil 45 ba nauyinsu ɗaya ba. Idan ya cika, a fitar da wanda aka fi daɗewa ba a duba ba. A Qt, QCache yana yin wannan idan aka gaya masa nauyin kowane abu, QPixmapCache kuma yana zuwa da iyakar kilobayit 10240. Tarihin gyare-gyare shi ma a yanke masa adadin matakai, kuma a share shi idan aka rufe hoton.

Bayan gyara, ka koma kan folda ɗin nan ta farko da zagaye goma ɗin nan, ba tare da canza komai ba, ka jera sababbin alƙaluma kusa da tsofaffi. Ka kuma gudanar da manhajar sau ɗaya a ƙarƙashin `-fsanitize=address`, domin wanda yake toshe yoyo yakan zarce ya saki abu sau biyu, ko ya saki abin da wani ɓangare yake amfani da shi, kuma wannan ya fi yoyon muni saboda yana rufe manhaja nan take, wani lokaci ma ya ɓata fayil ɗin da ake ajiyewa. Idan da hali, ka rubuta ƙaramin gwaji da zai buɗe hoto ya rufe sau 200 ya kwatanta adadin farko da na ƙarshe, a riƙa gudanar da shi kafin fitar da kowane sabon zubi.

Wanda ba shi da kod ɗin a hannu, teburin alƙalumansa shi ne rahotonsa. Manhajojin da kod ɗinsu yake a buɗe suna da wurin karɓar ƙorafi: digiKam a bugs.kde.org, Shotwell a GitLab na GNOME, darktable a GitHub. Ka rubuta lambar zubin manhajar, da tsarin kwamfutarka, da girman ram, da girman hotunan, da matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, da adadin kowane zagaye. Idan wani fayil ne yake tayar da matsalar, kada ka tura hoton amarya ko na iyalin kwastoma, domin abin da aka ɗora a waɗannan shafuka kowa yana gani. Ka ɗauki hoton bango ko kujera da kyamarar nan, ka tabbatar shi ma yana jawo yoyon, ka tura shi. Kafin gyara ya iso, ka raba adadin ram ɗin da ya rage maka da abin da kowane hoto yake zubarwa, ka san hoto nawa manhajar take ɗauka kafin ta tsaya, ka kasa aikin Sallah folda-folda ƙasa da wannan adadi, kana ajiye aikinka kana rufe ta kana sake buɗewa tsakanin kowace folda da mai bi mata.